Kallon batsa: abin da rantsuwa ta kasa yi min

Maganar nan ba kowa ke son a taɓo ta ba, amma duk mai zama majalisa a Sakkwato ya san yadda kallon batsa a waya ya ci matasa, har da masu aure, har da waɗanda ba su rasa sahun gaba a masallaci. Ni tela ne, shagonmu na nan wajen Mabera, kuma na shiga wanga abu tun ina sakandare, zamanin da ake tura bidiyo ta bulutut a bayan aji. Na daɗe ciki sosai. Abin da nake so in faɗa shi ne yadda na fita, don hanyar da na fara bi ita kusan kowa ke bi, kuma ni dai ba ta kai ni ko'ina ba.

Hanyar ita ce rantsuwa. Ka gama, ka ji ƙyamar kanka, ka lallaɓa ka ɗebi ruwa a bokiti kana addu'a kada Inna ta ji ƙarar ruwa ta tambayi wankan mi ake da tsakar dare, ka fito ka ɗaga hannu ka ce wallahi tallahi daga yau na bari. Bayan 'yan kwanaki ka koma. Sai ga kaffara ta hau kanka, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana 3, ga laifin farko ga na biyu. Niyyar kuma ta gaskiya ce fa, lokacin da kake rantsuwar har hawaye kake, matsalar dai wanda ya yi rantsuwa da asuba da wanda ke riƙe da waya ƙarfe ɗaya na dare sai ka ce ba mutum ɗaya ba ne.

Abubuwa biyu sunka fara sa ni tunani. Na farko azumi. Da rana a watan Ramadan abin ko zuwa min rai bai yi, waya na hannu, data akwai, ni kaɗai a shago wani lokaci, amma shiru. Na biyu yanayi. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, sa'adda garin nan ke wuce digiri 40 kowa ya fitar da tabarma waje, ni da ƙannena muna jere a ƙofar gida, sai abin ya yi sauƙi da kansa ba tare da na yi wani ƙoƙari ba. Da hunturu ya shigo an rufe ɗaki an ja bargo, shi ke nan ya dawo da ƙarfinsa. To in da sha'awa ce zalla ke kora ni, ai sha'awa ba ta san Afrilu ba. Wuri ne da lokaci da kaɗaici ke kunna abin.

Daga nan na fara karance-karance kan ƙwaƙwalwa, da ɗan Turancin da nake da shi. Akwai wani sinadari da ake kira dofamin, mutane na cewa wai sinadarin jin daɗi ne, amma aikinsa ya fi kusa da sa ka nema. Wani masani Bajamushe, Wolfram Schultz, ya yi gwaji da birai a shekarun 1990: ana ba biri ruwan 'ya'yan itace, dofamin ya tashi. Sai anka riƙa kunna wata alama, fitila ko ƙara, kafin a ba shi. Da birin ya saba, sai dofamin ɗin ya daina tashi lokacin shan, ya koma tashi lokacin da alamar ta bayyana. In kuma alamar ta zo ba a ba shi komai ba, sai ya faɗi ƙasa da yadda yake. Wani kuma a jami'ar Michigan ta Amurka, Kent Berridge, ya nuna cewa son abu da jin daɗin abu hanyoyinsu daban ne a ƙwaƙwalwa, ɗaya na iya ƙaruwa ɗayan na raguwa. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru, don a ƙarshe-ƙarshen nan ba wani daɗi nake ji ba, buɗe wannan nake in rufe in buɗe wancan, awa biyu ta tafi ana neman abin da ba a san mene ne ba, kuma abin da da can ko kallonsa ba zan iya ba ya zama shi nake nema.

Mu teloli mun san wannan a jikinmu. Da maigidana ya sayo keken wuta munka bar na taka, na yi makonni ƙafata na kaɗawa gaba da baya a kan feda, alhali sabon keken dannawa kawai yake so. Ba ni ke sa ta ba, kujera da yadi da ƙarar keke ke sa ta. Kuma ba rantsuwa na yi ta daina ba, zama na yi ta yi a kan sabon keken har ta koyi wani abu daban.

Sai na zauna na bi sawun abin baya-baya, mi ke faruwa kafin. Kullum tsarin ɗaya ne. A tashi daga shago a gajiye, ko an yi cacar baki da mai kaya kan ɗinkin da bai kammala ba, a ci tuwo, a shiga ɗaki, a sayi datar dare mai arha wai za a sauke karatu, a kwanta da waya a kan ƙirji, a fara da gajerun bidiyoyi na barkwanci, sai na rawa, sai wani guruf da ka san bai kamata kana ciki ba. Kafin ka kai ga ainihin batsar an riga an ci ka da yaƙi tun rabin awa baya. Nan na ƙara fahimtar hikimar ayar Suratul Isra'i da ta ce kada a kusanci zina, da ta Suratun Nur da ta fara da runtse ido kafin tsare farji. Mun haddace su tun muna makarantar allo, amma ni a ƙarshen hanya nake ta tsayawa ina kokawa.

Abu na farko da na yi, waya ta daina kwana tare da ni. In an rufe shago sai in kulle ta a durowar keke, in tafi gida da 'yar rakani-kashi wadda ba ta da komai sai kira da tocila. Na daina sayen datar dare gaba ɗaya. Na kwashe katifata na koma ɗakin ƙannena, na ce musu nawa ɗakin sauro ya yi yawa, sunka yarda ko ba su yarda ba oho.

Abu na biyu shi ya fi wuya, faɗa wa wani. Na zaɓi taubashina, ɗan kawuna, don tsakaninmu babu abin da ba a faɗi. Muna wurin mai shayi bayan isha'i na ja shi gefe na yi ta kewaye-kewaye, har ya gaji ya ce, "Kai malam, in bashi kaka so ka hwaɗi, ba ni da ko sisi." Da na faɗa mashi sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ashe abin da ka hana ka hitowa asuba ke nan, mu muna cewa aikin dare ne." Can kuma ya gyara fuska ya ce, "To mi kaka so in yi ma?" Na miƙa mashi wayar, ya shiga saitin da iyaye ke sa wa yara, ya rufe shafukan manya da sauke sababbin manhajoji, ya sa fasuwod ɗin da har yau ban sani ba. Munka fita daga guruf-guruf ɗin nan ɗaya bayan ɗaya yana tsaye a kaina, har memori ya ce in ciro. Kada wani ya ɗauka wannan makullin ba ya ɓalluwa, mai nema zai samu hanya. Amfaninsa ya ja maka lokaci, abin da da daƙiƙa goma ke kai ka yanzu sai ka yi wahala, kuma cikin wahalar nan hankali kan dawo.

Na uku shi ne ainihin horon. Duk yadda ka toshe, abin zai taso, wani lokaci kana tsakiyar yanka shadda. Da can abu biyu na sani, ko in bi shi ko in yi ta dambe da tunanin, shi kuwa tunani in ka ce kada ya zo sai ya ƙara zama. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Alan Marlatt, wanda ya yi aiki da masu shaye-shaye, ya koyar da cewa kwaɗayin nan tashi yake ya kai ƙololuwa ya sauka da kansa in ba a ciyar da shi ba, aikinka kawai ka lura da shi har ya wuce. Haka na riƙa yi. In ya zo sai in ce a raina to ga shi nan, in lura da inda nake jin sa, ƙirji ya yi zafi, baki ya bushe, hannu na neman aljihu. In tashi daga inda nake, in yi alwala da ruwan randa, in fita waje wurin mutane ko da ba zan ce komai ba. Yawanci kafin in sha kofin shayi ɗaya ya lafa. Duk lokacin da alama ta zo ba a ba ta abin da ta saba ba, ƙarfinta na raguwa kaɗan. Kaɗan fa, kada ka sa rai da yawa a farko.

Makonnin farko ba daɗi ko kaɗan. Barci ya ƙi, abu kaɗan in hau yaran shago da faɗa, abinci ba ɗanɗano, hira ba ta shiga, har na fara tsoron ko wani abu ya lalace a jikina don sha'awar ma gaba ɗaya ta yi shiru. Ta dawo daga baya, kuma yadda ya kamata. Abin da ya cike ramin shi ne gajiyar jiki da mutane: na koma buga ƙwallo da yamma, ranar Juma'a da safe mu taka har wajen filin Giginya mu dawo, na shiga karatun tsakanin magariba da isha'i a masallacin unguwa, ga azumin Litinin da Alhamis wanda dama Annabi (SAW) ya yi wa matasan da ba su da halin aure nuni da azumi. In ka cire abu ka bar wurin fayau, komawa za ka yi.

Na zame a hanya, kuma nan ne mafi yawa ke watsewa. Tunanin da ke zuwa shi ne tunda na ɓata bari in ƙarasa, gobe a sake sabon lale, sai zamewar dare ɗaya ta zama ta mako. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta sunka yi a Landan, da mutum 96, ya nuna sabon hali kan ɗauki wajen kwana 66 a tsaka-tsaki kafin ya zauna, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Su kan ƙananan halaye sunka yi, awa shan ruwa da motsa jiki, ba kan batsa ba, amma darasin ya yi min amfani. Na daina ƙirgen kwanaki ma, don ƙirgen nan in ya koma sifili sai ka ji awa duk wahalar ta tashi a banza. In na zame, wanka, tuba, in kira taubashi in faɗa mashi, sannan mu duba ta wace kafa abin ya shigo mu toshe ta. Wata rana kafar ita ce wayar wani yaron shago da ya bar min caji.

Masu maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a kasuwa suna cewa wanga abu na makantar da mutum, ga garin da za ka sha da nono ka rabu da shi cikin kwana bakwai, ku riƙe kuɗinku. Ba ya makantarwa, kuma tsoratarwar nan ƙara jefa yaro take cikin damuwa, damuwar kuma ita ke mai da shi ga waya. Su kansu masana ba su gama daidaita baki ba. Binciken da anka yi a Jamus a 2014 da maza 64 ya ga wani sashe na ƙwaƙwalwa mai alaƙa da lada ya fi ƙanƙanta ga masu yawan kallo, amma masu binciken da kansu sun ce ba a tantance ko kallon ya jawo haka ko dama haka suke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince da lalurar kasa riƙe kai a al'amarin jima'i, sai dai ta sa ta a rukunin rashin iya danne zuciya, ba cikin rukunin shaye-shaye ba. Ma'ana dai abu ne da likitoci sunka sani. Wanda nashi ya haɗu da baƙin ciki mai tsanani, ko rashin barci, ko tunanin cutar da kai, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Kware, kuma ba sai wanda ke yawo a titi ke zuwa can ba.

Masu cewa yi aure ka huta kuma, aure alheri ne, amma na zauna da magidanta da sunka shiga da abin ɗakin amarya, matar na barci suna banɗaki da waya. Alamomin da ƙwaƙwalwa ta haddace ba su san an ɗaura aure ba.

Yanzu wayata ta dawo kwana gida, amma a falo take caji, fasuwod kuma na nan hannun taubashi, ban ma nemi ya ba ni ba. Lokacin da na fi tsoro a shekara shi ne kwanakin bayan Sallah, an gama ɗinki, an yi makonni ba barci, ga kuɗi a aljihu ga shago a rufe ba abin yi. Shi ya sa tun kafin a ga wata nake shirya inda zan tafi, in na yi yawon Sallah na kwana biyu sai in hau mota zuwa ƙauye wurin kawu, can sabis ma sai ka hau tudu, in taya su aikin da ke akwai har ranar buɗe shago.