Zafin da ba ya kisa

Rahoton binciken makamashi ne na wata masana'antar siminti, shafi sittin da ɗoriya. Injiniyoyin Faransa ne suka rubuta shi, aka ce in mayar da shi Ingilishi saboda masu zuba jari da ba sa jin Faransanci. A lokacin ban fi shekara biyu da fara aikin fassara a Yamai ba, kuma abin da hannuna ya saba da shi takardun kwangila ne da rahotannin ƙungiyoyin agaji. Ban taɓa riƙe takardar da ke cike da tanderu da bututu da lissafin wuta ba sai ranar.

A babi na uku na ci karo da "chaleur fatale". Kalma ta farko zafi ce, ko ɗan firamare ya san ta. Ta biyun kuwa mun saba jin ta idan ana maganar bugun da ba a tashi ko cutar ajali, ga shi kuma Ingilishi yana da ita da kusan rubutu ɗaya. Sai na rubuta "fatal heat", wato zafi mai kisa, na wuce. Har hujja na ba kaina: ai rahoton ya ce cikin tanderun yana kai digiri 1450, wa zai kusanci wannan ya rayu? Haka na maimaita ta wajen sau ashirin, hankalina kwance.

Wanda aka ba ya duba aikin wani dattijon injiniya ne da ya yi ritaya, ya yi karatu a Faransa, ya kuma yi shekaru yana aiki da masu jin Ingilishi. Ya kira ni gidansa bayan la'asar. Na same shi a kan tabarma, takardun a cinyarsa, ya ja layi da jan biro ƙarƙashin kalmomin nan biyu a duk inda suka fito.

Ya ce, "Ɗana, idan Baturen nan ya karanta wannan, zai ɗauka ma'aikata ne ke mutuwa a masana'antar. Kuɗinsa zai tattara ya yi gaba. Alhali wannan babin shi ne inda ribarsa take."

Na ce, "To Baba, me suke nufi da ita?"

Bai ba ni kalmar ba tukuna. Ya juya bayan takarda ya zana doguwar ganga a kishingiɗe, ya ce ga tanderu. Ya nuna inda garin dutse ke shiga, da inda yake fitowa jawur ya zama ƙwallayen da ake niƙawa a yi siminti. Dole a hura musu iska su huce, iskar kuma ta kwashi zafi ta fita. A ɗaya ƙarshen, hayaƙin da ya gama ɗumama garin dutse yana barin hasumiya da zafin da yakan kai digiri 300 ko fiye. Babu wanda ya kunna wuta don ya samu wannan zafin. Siminti ake nema. Amma ba yadda za a yi a gasa dutse ba tare da shi ya fito ba. Ya ce in tuna murhun gidanmu da hunturu: tuwo ake dafawa, amma zafi na fita ta gefen tukunya ko an so ko ba a so, mace mai dabara kuwa sai ta jingina butar ruwan wanka a wurin.

Nan na gane. Kalmar ta samo asali ne daga "fatum" na Latin, abin da aka riga aka faɗa, wato ƙaddara. Faransanci ya riƙe ma'anar nan ta abin da babu makawa sai ya faru, Ingilishin yau kuwa ya fi karkata ga mutuwa. Injiniyoyin da ke aiki da Ingilishi "waste heat" suke cewa.

Na gyara, amma abin ya tsaya mini a rai, har yau ma bai sake ni gaba ɗaya ba. Sunayen biyu ba wuri ɗaya suke kallo ba. Na Faransanci yana faɗin dalilin samuwar zafin: tilas ne. Na Ingilishi yana faɗin inda ya ƙare: ya tafi a banza. Da Hausa zan ce na farko zafin dole, na biyu zafin asara. Mai masana'anta da ya ji zafin asara yana iya jin kamar ana zarginsa da sakaci, wanda ya ji zafin dole kuwa ya san ba laifinsa ba ne, abin tambaya kawai shi ne me zai yi da shi. A ganina sunan Faransanci ya fi adalci. Sai dai mai fassara ba ya ƙirƙirar wa injiniyoyi suna, abin da suke faɗa a bakin aikinsu shi zai rubuta.

Daga baya na ga yadda Tarayyar Turai ta ɗinke wannan ɓaraka. A dokarta ta 2018 kan makamashi mai sabuntuwa, kwafin Ingilishi ya yi amfani da "waste heat", amma da aka zo bayanin ma'ana sai aka fara da kalmar "unavoidable", wanda ba a iya kauce masa. Abin da sunan ya zubar, bayanin ya tsince shi. Dabarar da na ɗauka ke nan: a wurin farko da kalmar ta fito ina ƙara rabin jumla mai nuna cewa zafin tilas ne na aikin, daga nan in bar sunan shi kaɗai.

Kuma ba ƙaramin abu ake magana a kai ba. Hukumar ADEME mai kula da muhalli da makamashi a Faransa, a bincikenta na 2017, ta ƙiyasta irin wannan zafi a masana'antun ƙasar da terawat-awa 109.5 a shekara (terawat-awa ɗaya kilowat-awa biliyan ɗaya ne), kashi 36 cikin ɗari na man da gas da gawayin da suke ƙonawa. (Su da waƙafi suke rubuta adadin, 109,5, kuma wanda ya manta bai mayar da shi ɗigo a Ingilishi ba ya ɓata lissafi.) A garin Dunkerque na arewacin Faransa, tun shekarun 1980 ake jan zafin masana'antar ƙarfe ta bututu ana ɗumama gidajen gari da shi. Rahoton da ke hannuna shawara irin wannan yake bayarwa: a tare zafin hayaƙin, a tafasa ruwa, tururin ya juya injin da zai ba masana'antar wani ɓangare na lantarkinta. Ga duk wanda ya san yadda kuran ke ɗaukewa a Yamai a watan Afrilu, wannan babi ba wasa ba ne, ni kuma na kusa mayar da shi labarin mutuwa.

Bayan wasu watanni kalmar ta sake tare ni, a wata takarda kan rarraba lantarki: "production fatale". Hannuna ya tafi zai rubuta "waste", na tsaya. A nan wutar iska ake nufi, da ta rana, da ta kogin da ba a tare ruwansa ba, wadda ke zuwa lokacin da ta ga dama, mai kula da layin wuta ba shi da ikon ce mata zo ko dakata. Ba asara ba ce ko kaɗan. Ingilishi yakan ce "non-dispatchable". Da jerin kalmomi kawai na haddace, wannan daidai da wancan, da na sake faɗawa rami. Zanen dattijon ne ya cece ni, domin ma'anar tilas ɗin na riƙe. Tun daga nan littafin da nake tara kalmomi ya canza kama: kowace kalma ina rubuta na'urar da ta fito daga cikinta, wani lokaci har da ɗan zane.

Ranar da na mayar masa da gyararren rahoton, ya karanta babi na uku bai taɓa jan biron ba. Ya buɗe na huɗu, ya sa yatsa a kan "talon de consommation", inda na bar gurbi da alamar tambaya saboda na ƙi yarda in rubuta diddige, ma'anar "talon" ta yau da kullum.

Ya ce, "Madalla da ka tsaya. Ka taɓa shiga masana'anta da tsakar dare, ranar hutu, ba a aikin komai?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "To mita ba ta tsayawa. Akwai fitilu, akwai famfuna, akwai injin matsa iska da ke cike abin da ke zurarewa. Wutar da ake ci a wannan lokacin ita ce diddigen, a kanta duk sauran ke tsaye. Miƙo mini takardar can in zana maka."