Motar da suka ce kyauta ce

Ɗan ƙanwata ya shigo min baki har kunne, ya miƙo waya: "Kawu, dubi motar da za su ba ni." Shekaranjiya aka daki tasa ta baya yana tsaye a danja, but ya lotsa, fitilu suka tarwatse, sai janwe ne ya ɗauke ta. Yanzu wani kamfani ya kira shi, wai tunda ba shi da laifi za su kawo masa mota har ƙofar gida, ko sisi ba zai biya ba, inshorar wanda ya dake shi za ta ɗauki nauyi. Motar da ke hoton ta fi tasa nesa ba kusa ba. Abin da ya rage ya sa hannu da yatsa a fuskar wayar. Na ce ya karanta takardar? Ya ce, "Haba Kawu, ai ta yi tsawo." Yaron da zai raba dare yana kallon bidiyo, shafi huɗu ne suka yi masa tsawo.

Na so in yi masa faɗa, bakina ya yi nauyi, don lokacin da na tafka tawa wautar na girme shi, da iyali, da furfura ta fara leƙowa.

Ni ma ta baya aka dake ni. Mutumin ya fito jikinsa na rawa, yana rantsuwa cewa shi ne da laifi, komai zai yi. Na tausaya masa. Ban ɗauki hoto ba, ban rubuta sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka gani ba, ban nemi rahoton 'yan sanda ba. Lambar motarsa da ta wayarsa kawai na karɓa. Har yau in na tuna ina cewa ai ba wauta ba ce zalla: wanda kansa ya bugu, ƙirjinsa na dukan uku-uku, ga mutum yana ba shi haƙuri, ta ina zai fara ɗaukar hoto? Amma da labarin ya isa kamfanin inshorarsa ya canza kama, wai ni ne na ja da baya. Shaidun da za su ƙaryata shi kuwa kowa ya kama gabansa tun ranar.

Ana cikin wannan jayayya na karɓi motar haya ta bashi, wato irin wadda ake yi wa ɗan ƙanwata tayi yanzu, wadda kamfani ke ba ka ya ce zai karɓi kuɗinsa a wurin inshorar wanda ya dake ka. Ina bukatar mota, wannan gaskiya ce, akwai aiki, akwai yara. Abin da ba gaskiya ba shi ne ina bukatar irin wadda na zaɓa. A raina cewa na yi, tunda an cuce ni bari in ɗan huta a jikinsu. Tawa tana gareji ana jiran kayan gyara, ban taɓa ɗaga waya na matsa wa bakanike ba, me zai sa, ga ni cikin sanyi? Kamfanin inshorar mutumin ma ya aiko da wasiƙa yana tayin ba ni mota da kuɗinsa, na jefa ta a aljihun tebur. Na ɗauka tarko ce. Wataƙila da ɗan tarko a ciki, amma ko amsa ban ba su ba, wannan shirun kuma da shi suka kama ni.

Daga ƙarshe sun amsa cewa laifin na mutuminsu ne. Na zaci magana ta ƙare, ashe a nan ta fara. Suka tambaya ko da gaske ina bukatar motar, tunda ta maiɗakina tana ajiye a gida yawancin ranaku. Suka kawo farashin haya na gari suka ajiye kusa da wanda aka rubuta min, tazarar ta ba ni kunya. Suka ƙirga kwanakin da gyaran ya kamata ya ci, suka ce sauran sakacina ne. Suka biya wani kaso suka tsaya. Sai a ranar na karanta abin da na sa wa hannu: bashin nawa ne, kamfanin hayar jinkirta min biya kawai ya yi, kuma na amince a shigar da ƙara da sunana in ta kama. Ba su yi min ƙarya a takarda ba. A baki ne aka ce kyauta.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Doka a mafi yawan ƙasashe tana cewa a mayar da wanda aka yi wa ɓarna matsayin da yake kafin hatsarin, ba a ɗaga shi sama da nan ba, kuma ta ɗora masa nauyin kada ya bar asarar ta yi ta kumbura alhali zai iya tare ta. A Ingila, inda wannan haya ta bashi ta zama babbar sana'a, kotun ƙoli ta wancan lokaci ta yanke a 2000 cewa wanda ke da halin ɗaukar haya da aljihunsa farashin gari kawai za a mayar masa. A 2003 ta sassauta wa wanda ba shi da hali, ta ce shi za a iya biya masa farashin bashin. To amma kafin a yarda ba ka da hali, sai ka baje bayanan asusunka na banki a gaban lauyoyin wasu. Mai kiran waya ba ya faɗin wannan.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba kuɗin hayar ba ne. Ina can ina fankama da babbar mota, asarar da na yi ta haƙiƙa ta tsiyaye ban nema ba. Kuɗin janwe. Kuɗin ajiya da gareji ke ƙirgawa kullum. Tasin da na yi ta hawa kafin motar ta zo, ba rasit ko ɗaya. Tabarau na da ya karye, kujerar yaro da ya kamata a canza bayan irin wannan duka, ranakun aikin da na rasa, kason da na biya daga aljihu kafin inshorata ta taɓa gyaran. Duk hakkina ne, duk ana iya nema, amma wanda zai biya takarda yake so ya gani. Wuyana kuma sai washegari ya riƙe, na ce zai wuce, ban je asibiti ba. Da ciwon ya ƙi tafiya na riga na sa hannu a takardar da ke cewa an biya ni komai, babu sauran magana.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, na ga ashe ba su da yawa. Wayar nan da ba kwa ajiyewa ko a wurin cin abinci, ranar hatsari ku yi amfani da ita: yadda motocin suka tsaya kafin a matsar da su, lambobi, titin, takardar inshorar wancan, lambar wanda ya gani. Kuna ɗaukar hoton fuskarku sau nawa a yini? Ku sanar da inshorarku ko da ba ku da laifi, yawancin yarjejeniyoyi sun wajabta haka. Kada ku amsa laifi a bakin titi don kunya, kada kuma ku dogara da wanda wani ya amsa a can.

Motar bashi kuwa, kada ku karɓa. To, na faɗa, amma bari in gyara, don na san wanda tsoron irin abin da ya same ni ya sa ya ƙi kowace mota, ya yi ta rasa aiki, ya ƙare da asarar da ta fi tawa. In sana'arka a kan mota take, karɓi. Amma ka fara tambayar inshorarka ko akwai motar aro a yarjejeniyarka, ko da ƙarama ce, ka kuma sani sau da yawa muddar gyara kawai ake ba da ita. In inshorar wancan ta yi tayi, ka amsa a rubuce. In bashin ne ya rage, ɗauki sa'ar taka, ka tambaye su wa zai biya in wancan ya ƙi, su rubuta maka amsar. Mai, da tarar da ka jawo, da ƙwarzanen da ka yi wa motar, duk naka ne.

In aka ce motarka ba ta gyaruwa, darajarta a kasuwa kafin hatsarin za a ba ka, ba abin da ka saye ta ba, kuma da kuɗin ya shigo kwanakin hayarka sun kusa ƙarewa. Tayin farko ba dole ba ne, nemo tallan motoci irin taka ka nuna musu. Kuma akwai wa'adi: a Ingila shekara 3 ce ga rauni, 6 ga dukiya, kowace ƙasa da nata, ka nemi na inda kake.

Yafiya fa? Ban hana ba, ni ma zan iya sake yafewa. Amma ka bari bakanike ya buɗe motar, likita ya duba wuyan, ka san girman abin da kake yafewa tukuna. Ku kuma da kuke jin kiran gareji sau biyu a mako wahala ce, ku kira, ku rubuta ranar da kuka kira da abin da aka ce muku, don za a tambaye ku.