"Daji ba ya son ƙarfe"

Da na fara horo a fannin binciken cututtukan baki a nan Zariya, na ɗauka wahalar aikin tana kan maikiroskof, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa don a gan su. Ashe tun daga kujerar duba marar lafiya take farawa.

Wani dattijo manomi ya zo mana daga wani ƙauye ta wajen Soba da gyambo a gefen harshe, wata biyar yana fama da shi. Ya sha jiƙo, ya barbaɗa garin magani, ya haɗiyi kafso na kemis, har haƙorin da ke gogar wurin ya sa an cire. Da na taɓa bakin gyambon sai na ji tauri, ga kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi wadda ba ta masa zafi. Na ce, "Baba, za mu ɗan yanki tsokar wurin, kamar ƙwayar wake, mu gwada." Ya girgiza kai. "Likita, daji ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi yake haukacewa."

Na yi ta zuba masa bayanin littafi cikin gaggawa, ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya tafi. Bayan wata biyu 'ya'yansa suka dawo da shi, harshen ya daina motsi, ko kunu da ƙyar yake wucewa.

Na daɗe ina juya maganarsa. Ba wauta ba ce, abin da idonsa ya gani ne. Mutanenmu sukan zo asibiti bayan ciwon ya ci ƙarfinsu, a yi aiki, ba da jimawa ba rai ya yi halinsa, sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Yanzu in na ji wannan magana ba na musu. Nakan tambayi mutum wa ya gani aka yi wa aiki, kuma wata nawa ya yi da ciwon kafin a kai shi. Sau da yawa shi da kansa yake yin shiru ya gane. Nakan kuma nemi babban ɗa ko mai ɗakinsa su zauna, domin a gida ake yanke shawarar, ba a gabana ba.

Yankan ma da nasa ilimin. Samfurina na farko daga tsakiyar gyambo na ɗauko shi, sakamako ya dawo cewa mataccen nama ne kawai. Malaminmu bai yi faɗa ba, ya dai nuna mini cewa a baki-baki ake yanka, a haɗo da ɗan lafiyayyen nama, a jefa nan take cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka tsokar kamar sau goma. Daga nan a daskarar da ita cikin kaki, a fere ta siriri fiye da fatar albasa, a rina da shuɗi da ruwan hoda, sannan ido ya yi nasa aikin. Wanda ya bar takardar da ke raka samfurin babu shekaru, babu wurin ciwon, babu tarihin sigari, garin taba ko giya, ya ɗaure wa mai dubawa hannu.

Kusan tara cikin goma na sankarar baki daga shimfiɗar da ta lulluɓe cikin bakin take tasowa, wato wurin da ido ke iya gani da tocila. Wannan ne ke ci mini rai. Farin tabon da ba ya gogewa, ko jan tabo wanda ya fi shi haɗari, ko gyambon da ya wuce sati biyu bai warke ba, duk ana ganinsu cikin minti biyu. Shi ya sa ko ciwon haƙori ne ya kawo mutum, sai na kama harshensa da bandeji na duba gefe da gefe da ƙarƙashinsa, na shafa wuyansa, kafin na ɗauki wani ƙarfe.