Talata: Na'ibawa ta tsayar min da aiki

Tun bayan sallar asuba nake kan kwamfuta. Rahoton mako na unguwanni shida nake haɗawa, kuma na gaji da buɗe kowane fayil na Org (tsarin rubutu na manhajar Emacs) ina canza suna da kwanan wata da hannu. Sai na rubuta ɗan shirin Bash (harshen ba kwamfuta umarni) da zai riƙa kiran Emacs da --batch, wato ya yi aiki ba tare da ya buɗe a allo ba, ya miƙa masa sunan unguwa ta --eval, shi kuma ya fitar da rahoto.

Fagge ta wuce lafiya, Gwale ma haka. Da aka zo Na'ibawa komai ya tsaya cik. Na fi rabin awa ina zargin Lisp ɗina (harshen da ake ba Emacs umarni da shi), ashe hamzar da ke tsakiyar sunan ce. Na saka umarnin duka a cikin alamar zance guda-guda, Bash kuwa da ya ga hamzar sai ya ɗauka nan zancen ya ƙare. Abin ya tsaya min a rai. Haka ake rubuta sunan, ba zan cire masa harafi don na'ura ta ji daɗi ba.

Ƙanina ya shigo da shayi, ya leƙa allon ya ce, "Yaya, me ya sa kake cusa sunan cikin umarnin? Ajiye shi a gefe mana, Emacs ya zo ya ɗauka da kansa." Gaskiyarsa. Na rubuta export UNGUWA="Na'ibawa" a Bash, a Lisp kuma (getenv "UNGUWA"). Shi ke nan, hamza ta wuce, Rijiyar Lemo mai kalma biyu ma ta wuce. Abin lura ɗaya, duk abin da getenv ya kawo rubutu ne, ko da 25 ka ba shi, sai ka bi shi da string-to-number kafin ya shiga lissafi.

Bayan la'asar na so in ƙara sauri, na koma emacsclient, mai aika umarni ga Emacs ɗin da ya riga ya tashi. Nan fa getenv ya dawo min da nil, wato babu komai. Na daɗe kafin in gane dalili: Emacs ɗin da ke zaune a baya tun safe ya tashi, muhallin da ya tashi da shi yake gani, bai san abin da na yi export yanzu ba. Na dawo --batch. Amma shi ba ya karanta init.el, fayil ɗin saituna, dole na nuna masa shi da -l.

Saura Ƙofar Mata. Na saka aikin a cron, mai tayar da aiki da kansa a lokacin da aka tsara masa, don gwaji, ƙ ɗin ta fito a hargitse, domin cron bai saita LANG (saitin harshe) zuwa UTF-8, tsarin haruffan da ya san ƙ, ba. Na rubuta shi a takarda na manna a gefen allo. Gobe da safe in Allah ya kai mu, da shi zan fara.