Abin da sasanta rikicin gaɓar teku ya koya mini

Rikicin fili yana da hanyar da aka saba bi wajen kashe shi. A kira mai awon ƙasa, a baje takardun mallaka, a kafa turaku, kowa ya san inda nasa ya tsaya. Wannan hanya tana aiki a gona da filin gini, domin ƙasar da aka auna yau ita za a tarar gobe. A bakin teku kuwa abin ya sha bamban. Wurin da mutum ya tsaya da safe ƙafarsa a bushe, da rana ruwa ne har ƙugu. Wannan shi ne babban abin da na ɗauko daga aikin da na yi cikin masu shiga tsakani a wani ƙaramin gari na bakin teku, kuma sauran darussan duk daga jikinsa suka fito.

Maganar a taƙaice ita ce, wani mai kuɗi ya sayi filin da ke bayan rairayin gaɓa ya gina masaukin baƙi, ya zagaye shi da shinge. Tsohuwar hanyar da masunta ke bi su gangara wurin jiragensu ta faɗa cikin shingen. Da aka kulle ƙofa, sai matasa suka riƙa yanke waya da dare, shi kuma ya ɗauko masu gadi. Kafin a ankara an kai ga jifa, an kai ga 'yan sanda. Shi yana riƙe da takarda mai hatimi, su kuma suna cewa kakanninsu a nan suka ja taru tun kafin a san da takarda. Kowane ɓangare gaskiya yake faɗa, shi ya sa zaman da aka yi a ofis bai haifar da komai ba sai ɗaga murya.

Abin ya fara motsi ne ranar da muka bar teburi muka sauka gaɓar da ƙafa, da mai masaukin da dattawan masunta. Wani tsoho da ya fi kowa daɗewa a sana'ar ya ja ni gefe, ya nuna mini wani dogon layi a kan yashi, na ciyawar teku da ɓawon katantanwa da guntayen itace. Ya ce, “Ɗana, ka ga wannan? Nan teku ya kwana jiya.” Ya ƙara taku kaɗan sama, ya nuna wani layin da ya bushe ya yi fari. “Wannan na daren da wata ya cika ne.” Sai ya haura har gindin shingen, ya ɗora hannu a kan wani turke da tsatsa ta cinye ƙasansa. “Nan kuma yake zuwa idan iska ta tashi. To, ranka ya daɗe,” ya juya wajen mai masaukin, “idan ya zo nan, ina kake so mu ajiye jiragen?” Mai masaukin bai amsa ba, amma ya daɗe yana kallon turken. A kan taswirar da ke hannunsa, tsakanin shingensa da teku akwai fili mai faɗi da ya isa kowa. Bai taɓa sanin cewa akwai ranakun da filin nan ba ya nan kwata-kwata ba.

Lissafin abin ba ɓoyayye ba ne. A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, don haka lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Lokacin sabon wata da lokacin da wata ya cika, ruwan yakan haura fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. Masunci ba ya duba agogo ya fita, ruwa yake dubawa. Shi ya sa tayin farko da mai masaukin ya yi, cewa zai buɗe ƙofa daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, masunta suka ɗauke shi raini, alhali shi da zuciya ɗaya ya yi. Sa'o'in da suka dace da su a wannan mako, mako mai zuwa ba su da amfani.

Daga nan muka daina tambayar mutane na wane ne wurin. Muka koma tambayarsu me suke yi a wurin, a wane lokaci, kuma na tsawon wane lokaci. Amsoshin sun ba ni mamaki. Masunta ba sa buƙatar gaɓar duka. Suna buƙatar gangaren da ake tura jirgi, da hanyar da za a fitar da kifi da sauri, da wuri mai tudu na ajiye jirage a ranakun da ruwa ya yi yawa, da inda za su shanya taru su ɗinke. Shi kuma mai masaukin, da aka zauna da shi shi kaɗai ba a gaban jama'a ba, ya nuna wucewar mutane ba ta dame shi sosai ba. Ƙarar injin kafin gari ya waye ta dame shi, da ƙarni da ƙudan da kayan cikin kifi ke tarawa. Babban tsoronsa kuwa, wanda bai faɗa ba sai da aka yi nisa, shi ne idan ya bari ana bi ta filinsa ba tare da rubutu ba, wata rana a ce hanyar ta zama ta jama'a, faɗinta kuma ya yi ta ƙaruwa har ta ci masa gini. Tsoron nan yana da tushe, domin a dokokin ƙasashe da dama daɗewa ana bin hanya a filin wani yakan zama haƙƙi.

Akwai waɗanda ba a gayyata zaman farko ba, kuma su ne suka fi kowa cutuwa: matan da ke sayen kifi a bakin jirgi su kai kasuwa. Wata daga cikinsu ta shigo zama na gaba ba tare da an kira ta ba, ta ce, “Ku maza kuna ta maganar jirgi. Jirgi a ruwa yake. Mu ne muke bin hanyar.” Tun da aka kulle ƙofar suke zagaye mai nisa da kaya a ka, ƙanƙara na narkewa, kifin da ya kamata a sayar ɗanye sai an karya kuɗinsa. Lokacin da aka zo maganar faɗin hanya, maza suka fara jefa ƙididdiga daga zaune. Ita kuwa ta sa aka kawo baro shaƙe da kwanduna, ta ce a tura shi, wata ta taho daga gaba da kwano a ka, a ga ko za su gifta juna ba tare da ɗaya ta sauka cikin yashi ba. Inda suka gifta lafiya, nan aka kafa alama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga ranar, duk rikicin da aka kawo mini, nakan fara da neman wanda ke amfani da wurin kullum amma ba shi da kujera a taron.

Na karanta kaɗan game da yadda wasu suka yi da irin wannan matsala, kuma ya taimaka mini ƙwarai wajen yi wa ɓangarorin bayani. Dokokin Rumawa da aka tattara a zamanin sarki Jastiniyan, a shekarar 533, sun ce iska da ruwa mai gudu da teku da gaɓarsa na kowa ne, har sun ambaci 'yancin shanya taru a wurin, suka kuma ce gaɓa ta kai har inda ruwa mafi girma na lokacin hunturu ke isa. Wato tun wancan zamani da ruwa ake auna iyakar, daidai da abin da tsohon nan ya nuna mini a kan yashi. Faransa ta kafa doka a 1976 da ta bar wa masu tafiya a ƙafa hanya mai faɗin mita 3 a gefen teku ko da filin na wani ne. Dokar gaɓar teku ta Sifen ta 1988 ta ware mita 6 don wucewa, ta kuma tanadi hanyoyin da ke gangarowa daga tudu zuwa ruwa. Wannan ɓangare na biyu shi ne inda rigima ta fi tashi. Ana iya cewa rairayi na jama'a ne, amma idan duk ƙofofin isa gare shi a kulle suke, haƙƙin ya tsaya a takarda. Haka ta faru a gaɓar Martins da ke jihar Kalifoniya a Amurka, inda attajiri Vinod Khosla ya sayi filin a 2008, daga baya ya rufe hanyar, aka yi ta shari'a, har a 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙararsa.

A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara, domin masu aikin sulhu sukan so su nuna kamar kotu abokiyar gaba ce. Sulhun da babu doka a bayansa, mai ƙarfi ne ke rubuta shi. Da masuntan nan ba su da wata madogara ta doka cewa gaɓa ta jama'a ce, da mai masaukin ba shi da dalilin zama da su, da abin da za su samu alfarma ce da zai iya janyewa ranar da ya ga dama. Aikin doka shi ne ta tabbatar cewa akwai haƙƙin wucewa. Amma alƙali ba zai zauna ya tsara wanda zai fara tura jirgi ranar da ruwa ya janye da asuba ba, kuma hukuncin da ya ce “a buɗe ƙofa” bai ce komai ba game da inda za a zubar da kayan cikin kifi. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne zaman yau da kullum, kuma masu wurin kaɗai ke iya tsara su.

Misalin da ya fi shiga kunnen masunta shi ne na garin Alanya a ƙasar Turkiyya, wanda Elinor Ostrom ta yi bayaninsa, matar da ta fara samun kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Masunta kimanin 100 a can sun daɗe suna rigima a kan wuraren da kifi ya fi yawa. Sai suka tsara cewa kowane watan Satumba za a rubuta sunayen masunta da na wuraren kamun, a yi ƙuri'a, sannan kowace rana kowa ya matsa zuwa wuri na gaba ta gabas har watan Janairu, daga nan a juyo ta yamma. Kowa yana samun ranarsa a wuri mai kyau, kuma ba a buƙatar ɗan sanda, domin wanda ranarsa ta zo shi zai fara korar mai kutse. Da na ba da wannan labari, wani matashi ya ce ai su ma iyayensu suna da tsarin wanda ke fara sauka, an dai daina bi ne da jirage suka yi yawa. Aka tono tsohon tsarin aka gyara shi, ya fi duk abin da za mu kawo musu daga waje karɓuwa.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba ta da tsawo. Hanya ta koma gefen filin maimakon tsakiyarsa, da faɗin da baro ya nuna, aka rubuta ta a takardar filin yadda ba ta ƙaruwa, ba ta kuma rufuwa ko da an sayar da masaukin. Buɗe ƙofa ya bi jadawalin cikar teku da ake liƙawa kowane wata. Jirgin da ya dawo da kaya shi ke da gangare kafin mai shirin fita. Gyaran kifi ya koma can ƙarshen gaɓa inda iska ke kaɗa ƙarnin nesa da baƙi, mai masaukin ya ja musu ruwan famfo zuwa wurin. Masunta suka yarda su tuƙa da filafili su ɗan yi nisa kafin su tayar da inji idan fitar ta asuba ce. Mabuɗi biyu ne, ɗaya a hannun masu gadi, ɗaya a hannun wadda matan suka zaɓa.

Batun hukunci ya ɗauki lokaci fiye da yadda na zata. Wasu sun so a sa tara mai nauyi tun karon farko. Dattawa suka ƙi, kuma sun yi daidai: tarar da ta yi tsanani ba wanda zai yarda ya kai ƙarar maƙwabcinsa a kanta, sai a yi ta rufa wa juna asiri har dokar ta mutu. Aka tsaya a kan gargaɗi da farko, sannan tara kaɗan, sannan a hana mutum gangare na wasu kwanaki. Masu sa ido daga cikin masu amfani da wurin ne, ana canza su, kuma ƙaramin saɓani ana kashe shi a nan gaɓar a ranar da ya faru.

Abu ɗaya ne ba mu iya rufewa ba. Teku yana cin gaɓar a hankali, kuma wurin ajiye jirage a ranakun babban ruwa yana ƙara matsewa. Masunta sun so a rubuta cewa duk inda ruwa ya matsa, shinge ma ya matsa. Mai masaukin ya ce ba zai sa hannu a kan iyakar da ba ta da ƙarshe ba, kuma bankin da ya ba shi bashi ba zai yarda ba. Abin da aka samu shi ne a riƙa sake zama duk bayan lokacin guguwa, a auna daga gindin shinge zuwa layin ruwa mafi girma a gaban kowa, a rubuta. Ya kuma yarda a buɗe wani sashe na shingen a shigar da jirage cikin filinsa duk daren da hukumar yanayi ta yi gargaɗi, a fitar da su idan ruwa ya lafa. Maganar matsar da shingen gaba ɗaya tana nan a ajiye, kuma ɓangarorin biyu sun san za a dawo kanta idan awon ya ci gaba da raguwa.