Hannun da na ɗaga

Zanzibar, Talata, bayan isha.

Hoto 412 na ɗauka yau kaɗai. Tun da muka dawo masauki na zauna da niyyar rage su, ban goge fiye da ashirin ba na iso kan wani guda ɗaya na tsaya cak. Auta ta yi barci da waya a ƙirji. Yaya tana baranda tana ba Abbansu labarin kunkuru karo na uku. Ni kuwa ga ni zaune ina kallon yatsun wata tsohuwa a bakin ƙyaure.

Da dariya ranar ta fara. Jiya jagoranmu ya ce zai zo "saa mbili", Yaya kuma, da ta haddace ƙirgan Suwahili a cikin jirgi, ta fassara mana cewa ƙarfe biyu ne, kowa ya yi barcinsa ya more. Takwas daidai sai ga kira daga ƙasa. Ashe mutanen nan daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗayansu, takwas ƙarfe biyu. Yaya ta ce ita dai fassararta daidai take, agogonsu ne ya karkace. Muka fito ba karin kumallo, Auta tana ɗaura ɗankwali a kan matakala.

Changuu muka fara zuwa, tafiyar kusan rabin awa a kwale-kwale mai inji. Tsibirin kurkuku ake ce masa, amma kurkukun da aka gina a 1893 bai taɓa ganin fursuna ba, wurin killace masu zazzaɓin shawara aka mayar da shi. Kunkurayen dai su ne abin zuwa gani. Guda huɗu aka fara kawowa daga tsibiran Seshel a 1919, kyautar gwamnan can, suka yi ta hayayyafa. An rubuta wa wasu shekarunsu da shuɗin fenti a baya. Yaya ta tsaya kan wani da ya haura ɗari, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya girmi kakanmu. Shi ko ganyen hannunta kawai yake hari.

Daga nan Nakupenda. Tudun rairayi ne tsirara a tsakiyar teku, ba bishiya ba gini, fari fat har ido ba ya buɗuwa sosai. Ma'anar sunan wai "ina son ki", abin da ya ishi Auta rubutun ƙasan hoto na mako guda. Idan ruwa ya janye tudun ya fito, idan ya dawo ya shanye shi, don haka kowa da lokacinsa a hannu. Muna cikin ɗauka na ga ruwan ya taɓa takalmana da na ajiye can nesa. Mai kwale-kwale ya tafa hannu, muka kwashi kaya. Hoto wajen ɗari da hamsin a nan, duk kala ɗaya, shuɗi a sama, shuɗi a ƙasa, Auta a tsakiya.

Azahar a wani ƙaramin masallaci cikin gari. Abinci. Ƙafafuna sun fara kumbura.

Beit al-Ajaib ba mu samu yadda muke so ba, an kewaye shi ana gyara tun rushewar da wani ɓangarensa ya yi a Disambar 2020. Sarki Barghash ne ya gina shi a 1883, kuma shi ne gini na farko a Zanzibar da ya samu lantarki da na'urar hawa bene, dalilin sunan ke nan, gidan abin al'ajabi. Auta ta leƙa ta ce ba zai yi kyau a hoto ba, muka wuce. Tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal tana nan gefensa, minti goma muka ba ta.

A Mkunazini ne kowa ya yi shiru. Nan kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, aka gina coci a wurin. Mun sauka ɗakunan ƙasa, rufin ya yi ƙasa sosai, iska kuma ta 'yar kafa take shigowa. A waje ga gumakan mutane a cikin rami da sarƙa a wuya. Babu wadda ta ciro waya a cikinmu, ba kuma wanda ya hana mu. Na rubuta wannan ne don in tuna wa kaina cewa awa ɗaya kafin abin da ya faru, hankalina yana jikina.

To, ƙofar.

Tun kafin mu taso Auta ta ajiye hoton wata ƙofa daga Instagram, kuma tun safe take nuna wa jagora. Ya ce ya san ta. Muka bi lungu muka fita lungu, wasu ko mutum biyu ba sa jerawa, babur ya taho sai kowa ya manne da bango. Yana tafe yana koya mana karatun ƙofofi: masu kai a miƙe da ayar Alƙur'ani a sassaƙe a sama na Larabawa ne, masu kai a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla salon Indiya ne, can ake sa ƙusoshin don kada giwa ta tunkuɗe ƙofa, nan kuwa ado ne kawai. Ya nuna mana kifi, furen ruwa, bishiyar dabino, da sarƙa da ta zagaye wata. Na ji daɗin wannan ɓangaren ƙwarai. Mutumin ya san garinsu, ba haddar takarda yake yi ba.

Da muka iso akwai layi. Wasu Turawa biyu, sai wata amarya da angonta da mai ɗaukar hotonsu, sai mu. Ƙofar kam ta cancanci layi. Katakon ya yi baƙi don tsufa, ƙusoshin suna walƙiya, ga dakali hagu da dama, rana kuma ta karkato ta faɗo a kanta daidai. Mun jira kusan minti ashirin. Ina kallon hasken yana hawa bango, ina lissafin cewa saura kaɗan ya bar ƙofar.

Layi ya zo kanmu. Auta ta zauna a dakali, ta baza mayafi, ta juya fuska gefe kamar ba ta san da ni ba. Na durƙusa, na samu yadda nake so, sai ɓari ɗaya na ƙofar ya motsa. Yatsu suka fito suka kama bakin ƙyauren, sannan rabin fuska, tsohuwa ce da zane iri biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a ka, da kwando a hannu.

Sai na ɗaga mata hannu.

Tafin hannu sosai, irin wanda ake yi wa yaro idan zai gitta gaban mai salla. Ko ɗago kai daga wayar ban yi ba. Ba na jin na yi tunani ma, hannun ne ya tashi da kansa. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, ta koma ciki ta ja ƙyauren a hankali. Na ci gaba da ɗauka. Na ƙirga ɗazu, goma sha ɗaya na ƙara bayan ta rufe. A cikinsu har da wanda na ce wa Auta ta gyara ɗankwali.

Sai da Auta ta miƙe sannan ƙofar ta sake buɗewa, a nan ne abin da na yi ya iso mini. Ta fito tana taka matakalar ɗaya bayan ɗaya, ta kai sa'ar Hajiya ko ta fi. Na rasa abin yi, sai na tuno gaisuwar da jagora ya koya mana ta manya, na ce "Shikamoo." Da safe ya gaya mana asalin kalmar, wai "na riƙe ƙafafunki". Wato hannun da ya tsare ta a ƙofar gidanta shi ne yanzu yake riƙe ƙafa. Ta ce "Marahaba," ta dube ni, ta dubi Auta, ta yi wata magana gajera. Jagora ya yi 'yar dariya, ya ce mata wani abu da "Bibi" a ciki, ta gyaɗa kai ta bi lungu da kwandonta.

Na ce me ta ce. Ya ce ba komai. Na ce a'a, gaya mini. Ya ce tambaya ta yi, wai kun gama ko ta koma ciki.

Tun daga lokacin nake juya maganar nan. Fuskarta ba fushi, ba murmushi. Muryar ma a kwance take. Da ta harare ni da na samu sauƙi, in ba da haƙuri a wuce wurin. Amma "kun gama ko in koma" tana iya zama gatse mai yanka, tana kuma iya zama tambaya ta gaskiya daga matar da ta saba jira a bayan ƙofarta har baƙi su gama. Na rasa wanne ya fi muni. In gatse ne, ta rama, mun yi canjaras. In da gaske take, to sau nawa a rana ake ɗaga mata hannu har abin ya zama kamar jiran ruwan sama ya ɗauke?

Yaya ta ce gatse ne tsantsa, kuma na ci sa'a, da ita ce da sai ta zauna a dakalin ta ƙi tashi har magariba. Auta ta ce mini, "Ke ma kin cika sa abu a rai, ai sun saba, kuma ƙofar ce ta ja musu." Na ce ƙofar ba ita ta sassaƙa ta ba. Ta ce to ni ma ba ni na ɗaga hannu ba. Nan na yi shiru, don gaskiya ta faɗa.

Na tambayi jagora ko ya kamata in bi ta in ba ta wani abu. Ya ɗan yi jim, ya ce wasu gidajen suna karɓa, wasu kuma in ka miƙa kuɗi ka ƙara ɓata lamarin, ita bai san ta ba sosai. Ya ce mutane na zaune a yawancin gidajen nan, wani gidan iyali da yawa ne a ciki, kowa da ɗakinsa. Tun 2000 da UNESCO ta sa tsohon garin Zanzibar cikin wuraren tarihi na duniya na san wannan a karance, ai gari ne, ba gidan adana kayan tarihi ba. Amma minti ashirin da na yi a layi ina kallon ƙofar, ko sau ɗaya ban kawo cewa tana buɗewa ba. Ga takalman yara a gefen dakali, ga wayar lantarki ta shiga ta sama, duk suna cikin hotunan, har na so in yanke su don suna ɓata tsari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san kaina. Ni ce mai yi wa Auta faɗa in ta miƙa wa babba abu da hagu. Ni ce wadda ba ta iya wuce tsoho da kaya ban karɓa ba. Da wani ya ba ni labarin nan a kan wata, da na ce ba ta da tarbiyya, in ƙara da cewa waya ta lalata mutane. Ashe hasken rana da ya kusa barin katako ya isa.

Yaya ta ce baƙo raɓa ne, jibi war haka tsohuwar ta manta da mu. Wataƙila. Ni ce dai ban ga alamar mantawa ba.

Lambun Forodhani na bakin teku da yamma. Samari suna ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku, kowa da salon juyinsa, jiragen ruwa masu filafilai suna wucewa ta gaban rana kamar an biya su. Masu gasa kifi sun kunna fitilu. Auta ta miƙo mini waya, na ce hannuna ya gaji, Yaya ta ɗauke ta, duk suka fito a karkace, suka yi ta faɗa. Na sha ruwan rake da citta. Ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Hajiya ta kira bayan magariba, na ba ta labarin agogo da kunkuru. Ban ba ta na ƙofa ba. Na san abin da za ta ce, kuma na san da muryar da za ta faɗe shi.

Hoton da na tsaya a kai shi ne na daidai lokacin da ƙofar ta motsa. Duk cikin 412 babu wanda ya kai shi kyau, abin haushin ke nan. Hasken ya zauna daidai, mayafin Auta ya ɗan tashi, ga yatsu huɗu a bakin ƙyaure da zobe ɗaya na azurfa, ga ido ɗaya a cikin duhu yana kallona. Auta ta gan shi a mota ta ce shi za ta sa, in tura mata. Na ce sai na tace. Ban tura ba, ban goge ba.

Gobe Jozani, wajen jajayen birai, "saa mbili" kuma, yanzu mun gane. Na tambayi jagora ko za mu iya bi ta lungun kafin mu fita gari, ya ce ba hanya ba ce amma in ina so sai mu fito da wuri. Ya koya mini "samahani", wato "yi haƙuri", na rubuta a tafin hannu da biro don kada ta gudu. Ban san me zan yi ba in na je ƙofar tana rufe. In ƙwanƙwasa, in fito da tsohuwa daga ɗakinta da sassafe don ni in ji sanyi a raina? Yaya ta shigo tana tambayar wa ya ga cajarta.