MG42 ce ta tona asirin sansaninmu a Foy

Har yau in na ji sabon ɗan wasa yana tambayar wace bindiga ce ta fi kowacce a Hell Let Loose, wasan bidiyo na Yaƙin Duniya na Biyu da ake karawa mutum hamsin da hamsin, raina yakan ɓaci da masu ba shi amsa. Kafin ya rufe baki sun ce masa MG42, kamar magana ta ƙare ke nan. Ni ma haka aka ce min. Na yarda, na daɗe ina riƙe da gurbin mai mashin-gan a ɓangaren Jamus, ina ta ɗokinta. Ba wanda ya ƙara min da ragowar maganar: wannan bindiga ba ta ɓoye mai ita, balle mutanen da ke bayansa.

A taswirar Foy na gane haka. Wanda ya taɓa buga ta ya san yadda take: ƙauyen nan na kusa da Bastogne a Beljiyam, wanda sojojin Amurka suka ƙwace a watan Janairun 1945, gonaki fari fat da dusar ƙanƙara, sai jerin bishiyoyi can nesa. Mu ke tsare da wurin tsakiya, cikin jerin wuraren da ɓangarorin biyu ke faɗan ƙwacewa. Shugaban tawagarmu ya sha wahala kafin ya kafa sansani a bayan wani rumbu, domin mai ɗaukar kaya ɗaya ne ya saurare shi a duk yankin. Wannan sansanin shi ne kaɗai kusa da fagen daga, daga nan kusan duk mutanenmu hamsin suke sake fitowa in an kashe su.

Ni kuwa na ga wata gajeriyar katanga 'yan taku kaɗan daga rumbun, tana kallon fili. Wuri kamar don ni aka gina shi. Na kafa ƙafafun bindigar, na danne kunama. Ba zan ɓoye ba, mintunan farko sun yi daɗi. Amurkawa suna fitowa daga bishiyoyi, ina share su, jigidar harsasai tana tafiya, ƙarar ta cika ko'ina. Sai tankar Sherman ta aiko min da saƙo. Na sake fitowa daga sansani, ga katangar nan kusa, na koma. Aka sake kashe ni, na sake komawa. Duk wanda ke ɗaya ɓangaren yana da ido da kunne ya gama lissafi: mutumin da ke dawowa wuri ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan, ai mafitarsa tana bayansa. Ba a jima ba igwa ta fara sauka a kan rumbun, wasu kuma suka zagayo ta gefe suka rushe sansanin. Mutanenmu suka koma fitowa daga can baya, suna gudu a fili ana tsintar su. Wurin tsakiya ya faɗi, na bayansa ya bi shi.

Shugaban tawagar bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi: "Ɗan'uwa, ka yi kisa da yawa, amma kai ka nuna musu ƙofar gidanmu." Da aka tashi wasan, sunana yana sama-sama a yawan kisa, mu kuma an ci mu. Wannan allon sakamakon shi ne ya fi tsaya min a rai.

Abin haushin, laifin ba na bindigar ba ne. MG42 ta gaske, wadda ta shiga hannun sojojin Jamus a 1942, tana fitar da harsasai kimanin 1,200 a minti ɗaya, har kunne ba ya iya rarrabe harbi ɗaya da na bayansa. Saboda haka ne aka horar da masu riƙe ta su riƙa harbi a guntu-guntu, suna canja bututu in ya yi zafi, suna sauya wuri. A yaƙin gaske, kowace ƙaramar tawagar sojojin Jamus a kanta aka gina ta, masu ƙananan bindigogi suna ɗauko mata harsasai suna tsare gefenta. Wasan ya kwaikwayi wannan sosai. In harsashi ya wuce kusa da mutum, allonsa yana dushewa, saitinsa yana rawa, ko ba a same shi ba. To aikin mai mashin-gan ke nan: ya danne kawunan abokan gaba har 'yan'uwansa su tsallake fili. Kisa ƙari ne kawai.

Yanzu in na ɗauke ta, abu na farko da nake dubawa a taswira shi ne inda sansaninmu yake, sannan in yi nesa da shi ta gefe, yadda duk wanda ya bi layin harbina zai tarar da ni kaɗai. Ina harbi kaɗan, in ɗaga, in matsa. In an kashe ni a wuri, na bar wurin ke nan, komai kyansa. Da na san wannan a ranar Foy, da rumbun nan ya kai ƙarshen wasa.

Sauran bindigogin ba su ba ni wahala haka ba, domin ƙasar da za a yi faɗa a kanta ita ke zaɓa maka. MP40 tana ɗaukar harsashi 32, amma irin na ƙaramar bindigar hannu ne, ƙarfinsa ba ya nisa. A taswirar garin Carentan, inda faɗan yake daga lungu zuwa lungu, daga bene zuwa bene, ba ta da na biyu, haka ma Thompson a ɓangaren Amurka. Kai ta Foy ka ga yadda za ka zama ɗan kallo, ana harbinka daga inda ba za ka iya ramawa ba. A dajin Hürtgen kuwa, inda ba ka ganin mutum sai ya zo dab da kai, nakan so StG44 in gurbinta yana nan, don tana iya kusa tana iya matsakaicin nisa. BAR ta Amurkawa tana da ƙarfi, sai dai harsashi 20 ba ya jimawa in hannunka yana da nauyi a kan kunama.

Akwai masu raina gurbin mai bindiga zalla, suna ganin na wanda ya makara ne bai samu komai ba. Ban yarda da su ba ko kaɗan. M1 Garand, da harsasanta 8 da take fitarwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka ja komai ba, tana cikin mafi amfani a wasan baki ɗaya. Kar98k ta fi wuyar sha'ani: harsashi 5, kuma bayan kowane harbi sai ka ja sakata. In ka kuskure na farko a gaban mai Garand, da wuya ka samu na biyu. Amma ta koya min haƙurin da MG42 ta hana ni. Ka jira mutum ya tsaya, ka saki ɗaya, ka sunkuya. Sau da yawa ba ya ma sanin daga ina aka same shi, kuma ba wata tanka da za ta juyo da bakinta saboda harbi ɗaya.

Bindigar maharbin nesa kuwa ban ma cika zancenta ba. Gurbi biyu ne kacal a duk rundunar, kowa yana rububinsu tun kafin a fara, kuma yawancin masu samu ba sa yin aikin da aka ba su, wato neman sansanonin abokan gaba. Irin waɗanda suka san aikin ne suke gano wuri kamar rumbunmu.

Gurbin da na fi ɗauka a 'yan kwanakin nan shi ne na mai ɗaukar kaya. Bindigarsa ta kowa ce, Kar98k ko Garand, amma a bayansa akwai akwatin kaya 50, daidai abin da shugaban tawaga yake buƙata ya kafa sansani a yankinmu. Tun da dole sai an bar tazarar mita 200 tsakanin sansani da sansani, nakan bi shugaban tun da wuri mu kafa na biyu da na uku a gefe, kafin a rushe na farko. A wani wasa da muka sake yi a Foy, an rushe mana babban sansani kamar wancan karon, amma mutane suka fito ta na gefe, muka riƙe wurin har lokaci ya cika. Kisana a ranar bai taka kara ya karya ba, kuma ban taɓa jin daɗin wasa kamarsa ba. A wannan wasan ma na ga wani sabo ya kafa MG42 a jikin sansani. Na yi masa magana ta rediyo, na sa masa alama a wani rami can gefen hagu. Ya koma can, shi ya danne mana filin har muka tsallake.